Ƙullun Itace da Gajeren Kwanan Takardunmu: Kira ga Manazarta Hausa daga Dutse

Mu manazarta Hausa mun daɗe muna tattauna abin da aka rubuta, mu tsefe jigo da salo da zubi da tsari, amma ba kasafai muke waiwayar abin da aka yi rubutun a kansa ba. Takarda a wurinmu tamkar tabarmar da aka shimfiɗa wa baƙo ce, baƙon ake kallo. Sai dai duk wanda ya taɓa zare kundin wani malami na ƙarni na 19 daga gafaka, ya kuma taɓa ɗaga tsohon bugun Gaskiya Ta Fi Kwabo ko littafin soyayya na shekarun 1990, ya san akwai abin dubawa a nan. Warƙar da ta haura shekara 150 tana lanƙwasuwa a hannu ba ta karye ba, tawadarta na nan raɗau. Wadda ba ta cika shekara 40 ba kuwa ta yi ja kamar an gasa ta, gefenta yana marmashewa da an taɓa. Ra'ayin da nake son karewa shi ne cewa rubuce-rubucen Hausa na ƙarni na 20 sun fi na zamanin jihadi kusa da salwanta, cewa dalilin haka yana cikin tarihin yadda aka koma yin takarda da itace, kuma cewa jami'o'in Jigawa, musamman ta Dutse, ya kamata su gina aikinsu na adana tarihi a kan wannan fahimta.

Kalmar takarda kanta baƙuwa ce da ta keto Sahara. Masana tarihin harshe, cikinsu har da Maarten Kossmann a nazarinsa na kalmomin Berbanci da suka shigo Hausa, sun nuna cewa daga bakin Buzaye muka karɓe ta, asalinta kuma yana komawa ga kalmar Latin da Girkanci ta abin rubutu. Hanyar da sunan ya biyo ita ce hanyar da hajar ta biyo. Duk shaidar da aka tattara tana nuna cewa ƙasar Hausa, duk da gwanintarta a saƙa da rini da jima da ƙira, ba ta kafa sana'ar yin takarda ba, sayowa take yi. Sana'ar ta faro ne a ƙasar Sin, inda ake danganta ta ga Tsai Lun a shekara ta 105, ta iso Samarƙandi da Bagadaza a ƙarni na 8, ta ratsa Masar da Magrib zuwa Andalus, sannan Italiyawa suka karɓe ta a ƙarni na 13, suka ƙaro mata alamar ruwa, wato tambarin da ake hangowa a jikin falle idan an ɗaga shi ga haske. A ƙarni na 19 takardar da ta mamaye kasuwannin Kano da Sakkwato da Kukawa ita ce mai alamar wata uku, wadda ake yi a arewa maso gabashin Italiya, mafi shahara ita ce ta iyalan Galvani da ke yankin Pordenone. Daga can a kai ta Tarabulus, ayari ya ɗauko ta kan raƙuma. Heinrich Barth, wanda ya shigo Kano a 1851, ya lura cewa ana shigo da ita da yawa, har ma ana naɗe tufafin da aka rina a cikinta.

Abin da ya shafe mu game da wannan takarda shi ne abin da aka yi ta da shi. Tsummokara ne na lilin da auduga da tsofaffin igiyoyi, a jiƙa su, a daka har su koma ƙullu, a ɗebo ƙullun da rariya mai kusurwa huɗu, a matse, a shanya, a tsoma cikin ruwan ƙaro da aka dafo daga fata da ƙashi don kada tawada ta bazu. Zaren tsumma dogo ne, kusan zallar sinadarin selulos ne, ba shi da abin da zai ci shi daga ciki. Malaminmu kuma ya rubuta a kanta da tawadar da ya haɗa da hannunsa, ya sa ta cikin tadarishi, ya zura a gafaka, ya rataye. Maƙiyan irin wannan kundi duka daga waje suke zuwa: gara da ɗigar ruwa da gobara da rabon gado. Idan ya tsira daga waɗannan, shekara ɗari uku ba komai ba ce a wurinsa.

Matsalar Turai ita ce tsumma ya yi kaɗan. Ɗab'i ya yawaita, masu karatu sun ƙaru, jaridu sun zama na kullum, sannan injin da Louis-Nicolas Robert ya ƙirƙiro a Faransa a ƙarshen ƙarni na 18, wanda aka inganta a Ingila da kuɗin 'yan'uwan Fourdrinier, ya zo yana fitar da takarda doguwa kamar bandir, yana lashe ƙullu fiye da abin da masu tsince-tsincen tsumma za su iya kawowa. Tun a 1719 wani masanin halittu Bafaranshe, René de Réaumur, ya ja hankalin mutane ga rina: ta kankaro busasshen itace, ta tauna, ta gina sheƙa da wani abu mai kama da takarda. Duk yaron da ya taɓa tsokanar gidan rina a ƙarƙashin rumfa ya ga abin da Réaumur ya gani. Amma an ɗauki fiye da shekara ɗari kafin a mayar da lurar ta zama sana'a. A 1844 Friedrich Gottlob Keller, wani masaƙi a ƙasar Saksoni ta Jamus, ya yi injin da ke gurza gungumen itace a jikin dutsen wasa mai juyawa ana zuba masa ruwa, har itacen ya koma ƙullu. A daidai wannan lokaci Charles Fenerty yana irin wannan gwaji a Kanada. Keller bai da jarin ci gaba, sai ya sayar da fasahar ga Heinrich Voelter, wanda ya yaɗa ta, kuma zuwa shekarun 1870 da 1880 manyan jaridun Turai da Amurka sun koma kan takardar itace.

A nan bari in ɗan tsaya kan suna, tunda mu masu harshe ne. Na zaɓi in ce ƙullun itace ko ƙullun takarda saboda kalmar ƙullu ta riga ta ɗauki ma'anar duka: abu ne da aka jiƙa, aka niƙa ko aka markaɗa da ruwa, ana jiran a sarrafa shi ya zama wani abu. Matar da ke yin waina ko koko ba ta buƙatar a yi mata bayani. Na ga wasu suna cewa ɓargo, wasu tsoka, amma waɗannan sun fi dacewa da cikin 'ya'yan itace. Wannan shawara ce ga masu aikin keɓaɓɓun kalmomi.

Bayan gurza sai aka shiga dafawa. Hugh Burgess da Charles Watt sun fito da hanyar dafa ɓarzajjen itace da soda a farkon shekarun 1850. Benjamin Tilghman na Amurka ya yi rajistar hanyar salfayit a 1867, Carl Daniel Ekman kuma ya kafa masana'antar farko mai aiki da ita a Suwidin a 1874. Sannan Carl Dahl ya zo da hanyar da ake kira kraft, wadda ya yi wa rajista a 1884. Kalmar a Jamusanci ma'anarta ƙarfi, kuma ita ce ke ba da takardar buhun siminti da mai balangu yake naɗe nama a ciki a kasuwar Shuwarin. Manufar dafawar duka ɗaya ce, a narkar da liginin, wani sinadari mai kama da ƙaro da ke ɗaure zaruruwan itace ya sa bishiya ta tsaya ƙyam. Dafawa tana cire mafi yawansa, amma da shi kusan rabin nauyin itacen yake tafiya, don haka takardarta ta fi tsada. Gurza kuwa ba ta zubar da komai, liginin yana nan cikin ƙullun, shi ya sa takardar jarida ta fi kowace araha.

Ga inda ajalin yake. Liginin ba ya jure haske da iska. Yana sauya launi, ya yi rawaya, ya yi ja, yana kuma haifar da asid. Dutsen gurza ya riga ya gutsuttsura zaren, ya bar shi gajere. Sannan tun farkon ƙarni na 19 aka fara barin tsoma takarda cikin ruwan ƙaron fata, ana komawa ga zuba ƙaron wata bishiyar ƙasashen sanyi tare da alif, wato alam ɗin da muke tace ruwa da shi, cikin ƙullun kansa. Alif idan ya haɗu da laimar iska asid yake saki, asid ɗin kuma yana yayyanka zaren selulos a hankali, dare da rana, ko da an kulle littafin a adaka ba mai taɓa shi. Saboda haka ko takardar da aka dafa ƙullunta ba ta tsira ba matuƙar an sa mata alif. Binciken William Barrow a Amurka a shekarun 1950 shi ya farkar da manyan ɗakunan karatu game da wannan, har aka kai ga kafa ƙa'idar takarda mai ɗorewa ta duniya, ISO 9706, a 1994. Tsakanin Keller da wannan ƙa'ida akwai shekara 150, kuma kusan duk abin da aka buga da Hausa kafin zuwan kwamfuta ya faɗo cikin wannan tsakani.

A ƙara da yanayinmu. Masana adana kayan tarihi, irin su Stefan Michalski na Kanada, sun ƙiyasta cewa ƙarin zafi na kimanin digiri 5 yana ninka saurin lalacewar takarda mai asid. A Dutse zafin bazara yana kaiwa digiri 40 a watan Afrilu, cikin sito mai rufin kwano kuwa ya wuce haka. Damina ta zo da laimar da asid ke buƙata, hunturu ya zo ya busar da fallen ya ƙanƙame, shekara ta zagayo a maimaita. Littafin Hausar da ke kwance a ɗakin karatu na SOAS a Landan da ɗan'uwansa da ke kan kanta a Jahun rana ɗaya aka buga su, amma ba tare za su tsufa ba.

Ba zagin takardar itace nake yi ba. Ba don ita ba da babu abin da muke kira adabin boko a yadda muka san shi. Hukumar Fassara da Rupert East, gasar 1933 da ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi, Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fita a Janairun 1939, Kamfanin Gaskiya na Zariya a 1945, duk sun tsaya ne a kan takarda mai arahar da za a iya sayar da jarida kwabo. A shekarun 1950, lokacin yaƙi da jahilci, hukumar NORLA ta cika Arewa da ƙananan littattafai da jaridun larduna, Sodangi a Kano, Himma a Katsina, Zaruma a Sakkwato, Bazazzaga a Zariya. Waƙoƙin Mu'azu Haɗeja a kan irin wannan takarda suka isa hannun 'yan makaranta. Ajami ma bai zauna a gafaka ba: marubuta allo da tawada sun riƙa rubuta Ishiriniya da Ƙawa'idi da waƙoƙin wa'azi da hannu a kai maɗaba'a a ɗauki hotonsu a buga dubbai, kamfanin Triumph na Kano kuma ya fitar da Alfijir, jarida sukutum da ajami. Araha ce ta fitar da rubutu daga zauren malam ta kai shi tasha da kasuwa da ɗakin amarya. Wannan alheri ne babba, sai dai an saye shi da kwanan takardar.

Nijeriya ta yi ƙoƙarin yin nata ƙullun. An buɗe masana'antar takarda ta Jebba a 1969, ta takardar jarida a Oku Iboku a 1986, ga kuma ta Iwopin a jihar Ogun wadda aka yi shekaru ana gini, aka dasa mata dazuzzukan malaina. Zaren malaina gajere ne, dole a gauraya shi da dogon zaren da ake sayowa daga waje, tare da sinadarai da kayan gyara, duka da kuɗin ƙetare. Da darajar naira ta faɗi bayan shirin gyaran tattalin arziki na 1986, masana'antun suka shiga halin ni-'yasu, kafin ƙarshen shekarun 1990 duka ukun sun tsaya. Abin lura ga manazarcin adabi shi ne cewa wannan lokaci shi ne daidai lokacin da adabin kasuwar Kano ya bunƙasa. Manyan kamfanonin ɗab'i sun janye daga ƙagaggun labarai, marubuta irin su Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino da Bilkisu Funtuwa da ɗaruruwan wasu suka riƙa buga littattafansu da kuɗin aljihunsu. Wanda yake lissafin rim nawa kuɗinsa zai saya, mafi arahar takarda zai ɗauka, a ɗinke da ƙarfen da zai yi tsatsa ya ci tsakiyar littafin. Mun shafe shekaru muna muhawara a kan ko waɗannan littattafai adabi ne ko ba adabi ba ne, muhawarar da Ibrahim Malumfashi da Abdalla Uba Adamu suka yi fice a cikinta. Yayin da muke wannan, su littattafan suna can suna ruɓewa.

Idan aka dubi inda hankalin masu adanawa ya karkata, sai a ga kusan duka ya tafi ga tsofaffin rubuce-rubucen hannu na Larabci da ajami. Shirin Binciken Tarihin Arewa na Jami'ar Ahmadu Bello, Gidan Arewa a Kaduna, Cibiyar Waziri Junaidu a Sakkwato, da shirye-shiryen ɗaukar hoto da ake samun tallafinsu daga ƙetare, duk sun yi aikin da ya cancanci yabo. Hujjarsu kuma mai ƙarfi ce: rubutun hannu sau da yawa kwafi ɗaya ne tak, idan ya tafi ya tafi, bugaggen littafi kuwa dubbai aka yi. Amma wannan hujja ta ginu ne kan zaton cewa wani yana ajiye ɗaya daga cikin dubban. Wa ke ajiyewa? Dokar Ɗakin Karatu na Ƙasa ta 1970 ta wajabta wa mai buga littafi ya miƙa kwafi uku, amma mafi yawan marubutan kasuwa ba su bi ta wannan ƙofa ba, ɗakunan karatun jami'o'i kuma a lokacin suna ganin littattafan ba su kai a ba su kanta ba. An saye su, an ba da haya, an karanta har sun yage, mai ƙosai ta ƙarasa da su. Ba abin alfahari ba ne a gare mu cewa jerin sunayen waɗannan littattafai da aka fi dogara da shi, wanda Graham Furniss da Malami Buba da William Burgess suka fitar a 2004, ya dogara ne kan tarin da aka adana a Landan.

Za a ce ai manyan littattafai ana sake buga su, Magana Jari Ce ba ta taɓa yankewa a kasuwa ba. Haka ne, amma sabon bugu ba ya maye gurbin na fari a wurin mai nazari. Kowane sabon bugu yana gyara ƙa'idar rubutu ya daidaita ta da ta zamaninsa. Wanda yake son sanin yadda aka tashi daga ɗigo a ƙarƙashin harafi da waƙafin da Bargery ya yi amfani da shi a ƙamusunsa na 1934 zuwa haruffa masu lanƙwasa, ko yadda raba kalmomi yake kafin Hukumar Harshen Hausa ta 1955 da bayanta, dole ya riƙe bugun farko a hannunsa. Wasiƙun masu karatu a jarida, tallace-tallace, sunayen dillalai a bangon baya, farashin da aka buga a jiki, ba mai sake buga waɗannan.

Sanin tarihin ƙullu yana kuma da wani amfani ga masu nazarin rubutun hannu. Sau da yawa ana kawo mana kundi ba kwanan wata a ce na zamanin Shehu ne. Idan aka duba zarensa da madubin ƙara girma, ko aka gwada shi da sinadarin da ke sauya launi idan ya taɓa liginin, aka tarar da gurzajjen itace a ciki, to ba yadda za a yi wannan kwafi ya girmi rabin ƙarni na 19 na biyu, ko da matanin ya girme shi. Michaelle Biddle, wadda ta yi aiki a kan rubuce-rubucen Arewacin Nijeriya, ta nuna yadda alamar ruwa da yanayin takarda suke taimakawa wajen ƙayyade shekarun kundi. Alamar wata uku kaɗai ba ta isa hujja ba, domin masana'antu da yawa sun yi amfani da ita na tsawon lokaci. Ina ganin ɗalibin da zai yi digiri na biyu a kan ajami bai kamata ya fita ba tare da an koya masa ɗaga falle ga haske ba.

Me ya sa na ce Dutse? Saboda halin da take ciki ya bambanta da na Zariya ko Kano. An ƙirƙiri Jihar Jigawa ranar 27 ga Agusta 1991. Jami'ar Tarayya ta Dutse ta zo a 2011, ta jiha da ke Kafin Hausa bayanta da kaɗan. Ɗakunan karatunsu ba su gaji tsofaffin jaridu da littattafai daga kowa ba. Kafin nan kuwa Dutse da Birnin Kudu da Gwaram da Jahun gundumomi ne na En'e ta Kano, don haka rahotannin Turawan mulki da manyan fayiloli a kansu suna Kaduna da Kano. Abin da ya rage a gida shi ne ƙananan takardu, kuma su ne suka fi ɗaukar muryar mutanen wurin: rajistocin kotunan alƙalai, wasiƙun hakimai da dagatai, rasiɗan haraji da jangali, takardun cinikin gona da rabon gado, rajistocin tsofaffin makarantun elementare, waƙoƙin siyasa da aka gurza a inji aka raba a zamanin NEPU da NPC da kuma na PRP da NPN, da littattafan da matan aure suka tara a ƙarƙashin gado. Wanda ya karanta aikin Allan Christelow a kan shari'o'in majalisar Sarkin Kano Abbas ya san irin tarihin zaman jama'a da ake haƙowa daga rajistar kotu guda. Irin waɗannan rajistoci na gundumomi a kan takardar itace aka rubuta su, wasu ma da fensir ko biro mai dusashewa, suna kuma zaune a ƙasar da ta ga ambaliya mai tsanani a 2020 da 2022. Zanen shanun da ke jikin Dutsen Mesa da Dutsen Habude a Birnin Kudu zai iya jiran wani ƙarni kafin a sake nazarinsa. Rajistar alƙalin garin ta shekarun 1950 ba ta da wannan sarari.

Na san amsar da ta fi saurin zuwa bakin mutane yau: a ɗauki hoto a sa a kwamfuta. A ɗauka mana, ina goyon baya, kuma wayar hannu mai kyau da haske mai kyau sun isa a fara. Amma hoto yana buƙatar abin da za a ɗauka, takardar da ta riga ta zama gari ba ta shiga sikana. Kuma kada mu ɗauka abin da ke kan intanet ya tsira. Marubutanmu na yanzu sun ƙaura zuwa WhatsApp da Wattpad da Facebook, wasu sun sayar da littattafansu a OkadaBooks, wanda ya rufe a ƙarshen 2023. Faifan da aka adana kundin digiri a kansa shekara ashirin da suka wuce, yau da wuya a sami kwamfutar da za ta karɓe shi. Abin mamaki ma, farar takardar ofis da muke bugawa da ita yanzu ta fi ta da lafiya, domin tun wajen shekarun 1980 masana'antu suka koma haɗa ta ba da asid ba, suna cika ta da alli. Kwafin da aka yi a kanta aka ajiye a inuwa zai iya rayuwa fiye da asalin da aka kwafo, ya kuma fi faifai.

Lokaci-lokaci akan ji masu cewa maganin tsadar takarda shi ne a kafa mata masana'anta a Arewa. Idan da itace ake nufi, Jigawa ba wurinta ba ce. Jihar tana cikin waɗanda ke bakin hamada, bishiyar da ta rage ana rububinta tsakanin murhu da gawayi, masana'antar ƙullu kuma tana shan ruwa mai yawan gaske. Idan ana son yin tunani a kai, gara a dubi rama, wadda bincike ya daɗe da tabbatar da cewa ɓawonta yana ba da dogon zare mai kyau, ko tattakar shinkafa, ko kacalla da ta toshe hanyoyin ruwa a fadamun Haɗeja. Wannan fage ne na injiniyoyi da masana noma, kuma ko an yi nasara a cikinsa ba zai dawo da falle ɗaya da ya marmashe ba.

Abin da ke hannunmu ya fi wannan sauƙi, kuma ba ya jiran kasafin gwamnati mai nauyi. Malaman Hausa da na tarihi da ma'aikatan ɗakin karatu a Dutse da Kafin Hausa za su iya mayar da tattara bayanai wani ɓangare na aikin ɗalibai: kowane ɗalibi ya koma garinsu, Kiyawa ko Miga ko Buji ko Sakwaya, ya rubuto abin da ke akwai, a hannun wa yake, da halin da yake ciki, ba tare da ya raba kowa da kayansa ba. Mutane suna da dalilin ƙin sakin takardun gidansu, an sha karɓa ba a mayar ba. Gwajin halin takarda ba shi da wuya, a lanƙwasa ƙaramar kusurwa gaba da baya sau biyu, idan ta cire to wannan kundi shi ne na gaba a layin ɗaukar hoto, ko da ya fi sauran ƙuruciya. A cire ƙarafan ɗinki masu tsatsa. A hana liƙa salatif, a hana kuma rufe takarda cikin leda da zafi, abin da ya zama ruwan dare a shagunan kwafi, domin yana kulle asid a ciki ya kuma hana gyara har abada. Wajen ajiya, ƙuryar soron ƙasa mai kaurin bango, a kan kanta nesa da ƙasa da gara, ta fi ofis mai rufin kwano da na'urar sanyaya ɗaki wadda wuta ke zuwar mata awa biyu ta ɗauke, domin hawa da saukar zafi shi ma cuta ne. Asusun TETFund yana da kason bunƙasa ɗakunan karatu da na bincike, akwatunan kwali marasa asid da kyamara biyu ba za su gagare shi ba.

Sai batun sayayya, wanda shi ya fi gaggawa. Har yanzu akwai tsofaffin masu ba da hayar littattafai da dillalan da ragowar hajar shekarun 1990 take jibge a shagunansu, a Dutse da Birnin Kudu da kuma kasuwar Sabon Gari ta Kano inda aka fi saro su. Kasuwar ta mutu, masu kayan ba sa ganin darajarsu, kuma duk ranar da aka buƙaci wurin za a auna su a kilo. Ɗakin karatun da ya tura mutum da 'yan kuɗi kaɗan a wannan shekara zai iya dawowa da buhuna. A sayi kwafi biyu na kowane littafi idan an samu, ɗaya na karatu ɗaya na ajiya, kada a tsaya tantance mai kyau da mara kyau, a kuma rubuta a jikin katin kowanne inda aka saye shi da ranar da aka saya da kuɗin da aka biya.